Ragon Likitoci

Ranar da Dakta Pindar ya fara zuwa wurina a kasuwar dabbobi, na ɗauka yana cikin waɗanda tashin hankalin garin nan ya taɓa wa ƙwaƙwalwa. A shekarun da yaran daji suka sa Maiduguri a gaba, irinsu ba su da wuyar gani. Dogon mutum ne, furfura ta gama da kansa, yana tafiya hannayensa biyu a goye a baya. Ya tsaya gaban turkena ya ce rago yake nema, amma ba ruwansa da ƙiba, ba ruwansa da kyan ƙaho.

Na ce, "To, ranka ya daɗe, me ya rage a jikin rago?"

Ya ce, "Kayan ciki. Ka kawo mini shi asibiti da ransa, ka yanka a can yadda addininka ya ce. Amma kada ka feɗe. Mu za mu buɗe abinmu."

Ni Suleiman dillalin dabbobi ne, ɗan dillali, jikan makiyayi. Kakanninmu Shuwa ne masu bin shanu, mahaifina ne ya gaji da yawo ya kafa gida a unguwar Dala, nan Maiduguri. Tun ban kai tsayin ɗan maraƙi ba nake riƙe ƙafar dabba ana yanka. Na san hanta mai lafiya, na san mai tsutsa, ko a ido rufe ka miƙo mini saifa zan gaya maka ta akuya ce ko ta tunkiya. Akwai kuma abu ɗaya da na tashi da shi, wanda ban taɓa zaton akwai mai musunsa ba: duk abin da ka ga hanjinsa da idonka, ya gama zamansa a duniya.

Na kai ragon. A bayan ginin tiyata akwai wata rumfar kwano, an kafa teburin ƙarfe a ƙarƙashinta. Na yanka, na wanke hannu, da tafiyata zan yi, sai son ganin ƙwaf ya riƙe ni. Likitoci matasa suka fito, maza da mata, kowa da koriyar riga da takunkumi, suka kewaye ragona. Dakta Pindar ya sa aka zura wani siririn tiyo a jijiyar wuyansa, aka rataye jarka a jikin ginshiƙi, cike da zoɓo. Zoɓo fa, wanda ake sha da ƙanƙara! Sannan ya ɗauki tsinin rodi ya caccaka wa ragon a ciki, ya yar da rodin, ya mayar da hannayensa baya.

"Bam ya tashi a kasuwa," in ji shi. "Ga wanda aka kawo muku. Aisa, naki ne."

Wadda ya kira ta matso. 'Yar ƙarama ce, Babarbariya daga Old Maiduguri, tabarau yana ta zamowa daga hancinta. In da a hanya na gamu da ita, cewa zan yi 'yar sakandare ce. Ta tsaga cikin, zoɓo ya yi ambaliya har ƙasa, ta sa hannu ta lalubo inda hanjin ya huje, ta karɓi allura ta fara ɗinki. Gaskiya ɗinkin ya yi kyau. Ƙanana, a jere, babu wanda ya fi wani, ko masu ɗinkin hular zanna sai haka. Ni kaina na gyaɗa kai.

Dakta Pindar bai gyaɗa ba. Turanci yake yi musu, amma in ransa ya ɓaci Hausa take fitowa, shi ya sa na ji komai.

"Hanji ya yi kyau, Aisa. Sai dai mai hanjin ya mutu tun ɗazu."

Ta ɗago kai.

"Wanda bam ya tasa ba mai ƙaba ba ne da ya shirya ya zo da ƙafarsa. Jininsa ya zube, jikinsa ya yi sanyi, kuma jinin da ya yi sanyi ba ya daskarewa. Duk daɗewar da kike yi kina kwalliya, daga ransa kike ɗiba. Ki tsayar da jini. Ki ɗaure hanjin da ya fashe kada ƙazanta ta ci gaba da zuba. Ki cusa ƙyalle ki danne hanta. Ki fita."

"Ban rufe ba, Dakta?"

"Ba ki rufe ba. Hanjin nan zai kumbura. In kika matse shi da ɗinki, zai danne huhu, ya danne ƙoda, ya kashe mai shi. Ki rufa masa leda, a kai shi ya yi ɗumi, a ƙara masa jini. In jikinsa ya dawo, ki koma ki yi kwalliyarki yadda kike so."

Ina tsaye ina kallo ta farke ledar ƙarin ruwa, ta shimfiɗa a kan buɗaɗɗen cikin, ta kama bakinta da fata ta ɗan ɗinke, hanji yana leƙowa ta ciki. Suka ja da baya wai an gama. Dariya ta ƙwace mini har wata nas ta harare ni. Na ce musu ko a kwata mahauci ba ya barin aiki haka ya ce a biya shi.

Daga nan abin ya zama jiki. Duk mako in kai rago, in yanka, in samu gefen rumfa in zauna. Naman ba ya tafiya a banza, kicin ɗin majinyata ake kaiwa. A lokacin hanyoyin daji duk sun toshe, samun dabba sai an sha wuya, amma ban taɓa saɓa musu ba, don wasan yana ba ni nishaɗi. Eh, wasa na ɗauke shi. Na ga sun tsaga ƙirji sun riƙe zuciya a tafin hannu, na ga sun zura roba a jijiyar da ta tsinke don jini ya samu hanya. Na ga Aisa tana ƙara sauri mako bayan mako, har ta daina kallon allura, hannunta ya riƙa zuwa wurin jini kai tsaye. Amma duk zaman da na yi, ban taɓa ganin hannun Dakta Pindar ya taɓa rago ba. Wata rana na kasa haƙuri na tambaye shi ko ƙyanƙyami yake ji.

Ya yi murmushi ya ce, "Malam Suleiman, in na sa hannu, hannuna ne zai ƙara ƙwarewa. Ni kuwa na tsufa."

A gida nakan kwashe labarin kaf in ba matata Zaratu. Mu a wurinmu ba a kiran suna, ni Abu Usama take ce mini, ni kuma in ce Am Usama, da sunan ɗanmu da ke karatu a Kano. Mace ce mai baki, ba ta bari magana ta faɗi ƙasa. Da na kwaikwayi yadda suke rufa wa rago leda, sai ta ajiye muciya ta dube ni.

"Kai da ko zare ba ka iya sa wa allura ba, kai ne kake yi wa likitoci dariya? Allah ya sa ragunan nan su yafe maka."

Na ce ai ragunan ba su da ƙorafi, sun riga sun huta.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne. Zaratu ta fita sayen kayan miya a 'yar kasuwar bakin titi, ina turke ina ciniki na ji ƙarar. Duk wanda ya zauna a garin nan a lokacin ya san yadda ake yi: a yi tsit, kowa ya juya yana neman inda hayaƙi ya tashi, yana lissafin wa yake da shi a wajen. Na ga hayaƙin ta ɓangaren Dala. Na bar dabbobi a hannun maƙwabcina na kama gudu, babu Keke Napep da ya yarda ya tsaya. Kafin in isa an kwashe mutane. Wata mai sayar da kuɓewa, kunnenta yana jini, ta ce mini ta ga an ɗauki Am Usama a bayan akori-kura, kuma ta ga tana motsi.

A asibitin ban ga ƙasa ba saboda mutane. An rufe ƙofar tiyata, sojoji suna korar jama'a baya. A nan na tarar da Hajja, yayar Zaratu, zaune a kan siminti ta miƙe ƙafa tana jan carbi. Hajja tana cikin matan da ke wankan gawa a unguwarmu, kuma a shekarun nan ta ga abin da ba ta taɓa ba kowa labari ba. Ba ta yi kuka ba. Ta matsa mini wuri kawai na zauna.

Sai bayan azahar ƙofar ta buɗe, aka kira mijin Zaratu. Na miƙe, sai ga Aisa, jini har kan takalminta. Ta sauke takunkumi ta dube ni, ta ƙara dubawa.

"Baba mai rago? Matarka ce?"

Na gyaɗa kai.

"Tana da rai, Baba. Ƙusoshi sun shige ta a ciki, sun yaga hanta, sun huda hanji. Na tsayar da jinin, na ɗaure hanjin. Tana ɗakin kulawa ana ƙara mata jini." Ta gyara tabarau. "Na bar cikin a buɗe. Ka san yadda muke yi."

Wallahi na sani, kuma sanin ne ya kashe mini jiki. Ba matata na gani ba a raina, ragon na gani a kan teburin ƙarfe, hanji yana leƙowa ta cikin leda, ƙuda suna zagaye. Duk ragon da aka yi wa haka a gabana matacce ne. Ban taɓa ganin ɗaya ya tashi ba. Wani baƙin ciki ya kama ni, wai matata, uwar ɗana, aka ba yarinyar da take koyon hannu a kan dabbobina, ta yi mata irin wasan da suke yi a rumfa. Kafin in buɗe baki an kira ta ciki, akwai wasu a kan layi.

Hajja ta ji komai. Ta tattara carbinta ta sa a jaka, ta yi magana a hankali.

"Suleiman, ka saurare ni. Na wanke mata da yawa a shekarun nan. Wasu ma ba a samu abin wankewa ba, tayammum aka yi a kan ƙyalle. Wanda aka buɗe wa ciki aka kasa rufewa, ni da kai mun san inda ya dosa. Ƙanwata ba za ta je gaban Ubangijinta da leda a ciki ba. Tunda da sauran numfashinta, ka je ka ce su ɗinke ta. Ta cika da suturarta, in wanke ta kamar kowace mace. In sun ƙi, mu ɗauke ta mu kai gida. Kai ne mijinta, maganarka za su ji."

Kada wani ya ga laifin Hajja. Ba mutuwar ƙanwarta take so ba, ta riga ta sallama ne, abin da ya rage a hannunta take ƙoƙarin ceta. Ni ma na sallama. Na fita daga asibitin ban gaya wa kowa inda za ni ba, na samu wani mai yadi da bai rufe shago ba, na yanki farin alawayyo. Bai tambaye ni na mene ne ba, ya naɗe ya miƙo mini yana cewa Allah ya jiƙan rai. Na cusa shi a ƙarƙashin babbar rigata na dawo.

Bayan la'asar na ci karo da Dakta Pindar a baranda, yana fitowa daga wani ɗaki zai shiga wani, hannu a baya kamar kullum. Na tare shi. Ban gaishe shi ba, kuma ban taɓa yi wa babba haka ba.

"Kana nan a cikin ginin nan, kai da ka fi kowa sani, ka bar yarinya ta buɗe matata?"

"Ina tsaye a bayanta, Malam Suleiman. Tebura uku nake zagayawa."

"Ka sa hannu?"

"Ban sa ba."

"To yanzu ka sa. Ka shiga ka ɗinke mini ita. In mutuwa za ta yi, ta mutu a rufe."

Ya dube ni ya daɗe. Idanunsa sun yi ja, leɓensa ya bushe.

"In aka rufe ta yau, za ta mutu a rufe, wannan ba shakka. In aka bar ta, ban yi maka alkawari ba, rai na Allah ne, amma tana da hanya. Da ni na riƙe wuƙar, abin da Aisa ta yi shi zan yi, kuma ban tabbata zan kai ta sauri ba. Majinyaciyarta ce. Ita za ka yi wa magana."

Ya juya ya tafi. A lokacin ne na fara ganin hannayen nan ta baya, kusa da kusa. Hannun dama ya damƙe wuyan na hagu, kuma inda ya damƙe duk shatin farce ne, wani har ya fasa fata. Na gani, amma raina a ɓace yake, ban tsaya tunani a kai ba.

Aka kira mini Aisa. Na maimaita mata abin da Hajja ta ce, na ƙara da nawa, na ce ba rago ba ce. Na ɗaga murya har mutane suka juyo. Na zaci za ta yi kuka ko ta ruga ta kira malaminta. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta bari na gama tas.

"Baba, ikonka ne. In ka ce sai ka ɗauke ta, ba ni da sojan da zan sa ya hana ka. Amma ni da hannuna ba zan rufe ta yau ba, ko wa ya ce. Abu ɗaya nake roƙo. Ka zo ka gan ta tukuna."

Ta sa aka ba ni koriyar riga da takunkumi, na wanke hannu har gwiwa. Likkafanin yana nan a hammatata, na matse shi kada ya faɗo. Ɗakin da zafi, an kashe fanka, an lulluɓe majinyata da barguna. Zaratu tana gadon ƙarshe, roba a bakinta, na'ura tana hura mata numfashi, jini yana ɗiga daga leda zuwa hannunta. Fuskarta ta kumbura, amma lallen da ta sa ranar Juma'a yana nan a yatsunta. Aisa ta ja labule ta kewaye mu, don kada idon kowa ya faɗa kanta. Wannan ya ɗan sanyaya mini rai. Sannan ta yaye bargon daidai ciki, ta ɗaga farin bandejin da ke sama.

Na kawar da kai.

"Baba, ka duba. Ka fi ni yawan ganin hanjin abin da ya mutu. Ka gaya mini ko wannan irinsa ne."

Na juyo a hankali. Ledar ce dai, irin ta rumfa, an kama bakinta da fata. A ƙarƙashinta hanji ya kumbura ya cika wurin, ya taso sama, ko ni na ga babu yadda za a yi fata ta haɗu a kansa sai an danna da ƙarfi. Amma launin ne ya tsayar da ni. Hanjin da na sani fari-fari ne, ba ya sheƙi, a saki. Wannan ja-ja ne, yana sheƙi, ledar ta yi gumi ta ciki saboda ɗumi. Aisa ta nuna mini wani wuri da ɗan yatsa, ba ta taɓa ba. A cikin kitsen da ke riƙe da hanjin akwai wata jijiya siririya kamar zare, tana harbawa. Tana harbawa, tana harbawa, ba ta fashi. Ina cikin kallonta sai wani lanƙwashin hanji ya motsa. Ya tsuke a hankali, ya saki, motsin ya wuce gaba.

Na yi shekaru ina buɗe cikin dabba, kuma a tunanina na san abin da ke ciki. Ashe ban taɓa gani ba sai bayan mai aikin ya tashi. Ban taɓa ganinsa yana aiki ba. Wannan abu yana gudana a cikin Zaratu tun ranar da aka haife ta, tana daka, tana dariya, tana yi mini tsiya, shi kuma yana can cikin duhu yana abin da aka umarce shi, babu wanda ya taɓa gode masa. Bam ya tashi, ƙarfe ya ratsa shi, bai daina ba. Kuma Allah ya ba wata 'yar yarinya mai tabarau ilimin da za ta buɗe, ta gyara abin da zai kashe yanzu, ta san inda za ta tsaya, ta janye hannunta. Tsoro ya kama ni, ba irin na bam ba, irin wanda ke kama mutum in ya ji kansa ƙarami ƙwarai. Na dafa ƙarfen gado ina cewa Subhanallah, ban san sau nawa ba, hawaye yana jiƙa takunkumin.

"Ragunanka matattu ne, Baba," in ji Aisa a hankali, tana mayar da bandejin. "Shi ya sa ba ka taɓa ganin ƙarshen aikin ba. Rabinsa kawai muke iya yi a rumfa."

Na ce, "'Yata, ki bar ta yadda take."

Gaya wa Hajja ya fi komai wuya. Na ce mata na gani da idona, cikin yana da rai. Ta dube ni kamar yadda ake duban wanda aka yi wa asiri.

"In ta cika a haka, Suleiman, ni zan wanke ta, amma kai za ka amsa."

Na ce na ji, na ɗauka. Ban faɗa da ƙarfin zuciya ba. Kwanakin da suka biyo baya a barandar nan na yi su, likkafani a hammata, duk nas ɗin da ta fito da sauri sai gabana ya faɗi. Sau ɗaya zazzaɓi ya taso wa Zaratu, Hajja ta dube ni, kuma kallon nan ya fi zagi ciwo. Na roƙi Allah abin da ban taɓa roƙa ba, na ce ko da zai ɗauke ta, ya bari a rufe ta tukuna, kada in zama mijin da ya hana matarsa sutura.

Da jikinta ya yi ɗumi, kumburin ya sauka, suka mayar da ita tiyata da safe. Wannan karon sun daɗe, har rana ta take. Da ƙofa ta buɗe, Aisa ce a gaba, Dakta Pindar a bayanta.

"Na cire ƙyallayen, hanta ba ta zubar da jini," in ji ta. "Na haɗa hanjin. Na rufe, Baba."

Dakta Pindar ya leƙo ta saman kanta ya ce, "Yau dai ta yi kwalliyarta. Ban hana ta ba."

Hajja ce ta fara shiga da aka ba da izini. Ta yaye zanen da kanta, ta bi ɗinkin da ido tun daga ƙirji har ƙasan cibiya, ƙanana, a jere. Sai a lokacin ta fashe da kuka, kukan da ta riƙe tun ranar farko, wataƙila ma tun shekarun baya. Da ta fito ta kama hannun Aisa da hannu biyu tana ta yi mata wushe, wato sannu da Barbarci.

Zaratu kuwa, da aka cire mata roba ta samu murya, na sunkuya don in ji abin da za ta fara faɗa. Na zaci salati ne ko sunan ɗanta.

"Abu Usama," in ji ta, da ƙyar, "an ce leda aka rufa mini. Ka yi dariyar?"

Ta yi watanni kafin ta miƙe sosai. Wata rana tana gyaran ɗaki ta ci karo da alawayyon a ƙasan akwatina, don na rasa yadda zan yi da shi. Ta fito da shi tsakar gida ta warware, ta auna da tsayinta. Na sunkuyar da kai, ina jiran abin da zai biyo baya.

"Ko ba komai ba ka yi mini rowa ba," in ji ta. "Yadi mai kyau ne. Ranarsa ba ta zo ba, kuma ba zan zauna da shi a ɗaki yana jirana ba. Ka kai wa likitocin nan su shimfiɗa wa ragonsu."

Na kai, tare da rago. A lokacin an tura Dakta Pindar wani gari da ya fi mu buƙata, ya je ya kafa wata rumfar. Sababbin fuskoki na tarar, wasu daga asibitocin ƙananan hukumomi aka turo su. Aisa ta karɓi yadin, na gaya mata na mene ne da wadda ta aiko. Ta shimfiɗa shi da kanta a kan teburin ƙarfe, aka ɗora ragon. Aka rataye jarka, ta caka rodi, ta kira wani dogon saurayi ta ce nasa ne.

Na koma gefena na zauna, sai ya zamana ina bayanta. Saurayin ya tsaga, ya rikice, yana lalube a inda ba nan ba ne, zoɓo yana ta zuba. Ni da ke zaune ma na ga inda jinin yake fitowa. Aisa ba ta matsa ba. Hannayenta suna goye a baya, na dama ya damƙe wuyan na hagu, farce yana nutsewa cikin fata. Da baki kawai ta ce masa ya duba ƙarƙashin hanta.

Zoɓo ya jiƙa likkafanin sharkaf, ya yi jawur, yana ɗiga ƙasa. Na zauna na kalla har ya ishe ni. Sannan na tashi na kama hanyar Dala, don Am Usama ta ce in na bari tuwo ya huce, ba za ta ɗumama mini ba.